Kilim ɗin tsohuwar mota: a ƙara gas ko a canza tsari?

Da watan Afrilu ya kama a Damagaram, zafi ya haye digiri 40, tambayoyin da ke shigowa wannan fili sai su karkata wuri ɗaya, wato kilim, na'urar sanyaya iskar cikin mota. Wanda ya manta da shi tun hunturu sai ya danna maɓalli a kan hanya ya ji iska mai ɗumi tana busa masa fuska. Na tsamo tambayoyin masu tsofaffin motoci, a-kori-kura da manyan motocin kaya, domin suna da wata matsala da sababbin motoci ba su da ita. Ta farko za ta ci wuri, don a kanta sauran suka dogara.

Tambaya: Ina da Hilux ƙirar 1990 mai shan gazuwal, da ita nake jigilar kaya tsakanin Damagaram da Tanut. Injin lafiya lau, amma kilim ya gagare ni. Kowace bazara sai an ƙara gas, ya yi sanyi 'yan makonni, ya koma gidan jiya. Bana wani bakanike ya ce tsohon gas ɗin ya ɓace a kasuwa, sai an canza mini tsari zuwa sabo, ya lissafo kaya masu yawa. Wani kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, shi zai zuba sabon gas a kan abin da ke ciki in kama gabana. Wanne zan bi? Daga wani Alhaji a Zango.

Amsa: Alhaji, sannu da ƙoƙari. Na farkon za ka bi, amma da sharaɗin ka san abin da zai yi maka, ka kuma tsaya ka ga an yi shi.

Abu na farko da nake so ya zauna maka shi ne gas ɗin kilim ba ya ƙarewa. Ba a ƙona shi kamar gazuwal, zagaye yake yi a cikin rufaffiyar hanya, ya fita ya dawo. In ka ga ya ragu, to akwai inda yake tsiyaya. Duk shekarun nan da ake ƙara maka gas, kuɗinka ne ke bin iska, kuma ba a taɓa ainihin ciwon ba. Abin da ya fi muni, man da ke shafe kwamfaresa a cikin gas ɗin yake yawo, don haka duk inda gas ya fita, mai ma yana bin sa. Ana ƙara gas, ba a ƙara mai, har ranar da kwamfaresa za ta bushe ta cije.

Ka san yadda randa ke sanyaya ruwa: danshin da ke tsatsafowa a jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Haka kilim yake aiki. Kwamfaresa tana matse gas ya yi zafi sosai, ta tura shi cikin kwandansa, wannan siririn abu mai kama da lagireto da ke gabansa. A nan iskar waje ke ɗauke zafin, gas ya koma ruwa. Ruwan ya bi ta cikin wata kwalbar ƙarfe mai tace datti da tsotse danshi, ya isa wani ɗan ƙaramin bawul da kanikawa ke kira detanda, wanda ke fesa shi cikin akwatin sanyi da ke bayan sitiyari. A can ne yake tafasa ya koma iska, kuma wajen tafasar yake zuƙe zafin cikin mota. Daga nan ya koma kwamfaresa.

Motarka an ƙera ta ne don gas mai suna R12, wanda aka fi sani da Freon. An gano cewa sinadarin kulorin da ke cikinsa yana cinye rufin ozon da ke kare mu daga kaifin hasken rana, shi ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, kuma Nijar tana cikin waɗanda suka shiga. Ƙasashe masu arzikin masana'antu sun daina ƙera shi daga farkon 1996, ƙasashe irin namu aka ba su wa'adi zuwa 2010. Kamfanonin mota kuwa tun tsakanin 1992 da 1995 suka koma R134a. Saboda haka bakanikenka na farko gaskiya ya faɗa. In ma wani ya nuna maka tukunya an rubuta R12 a jiki a yau, ka yi shakkar abin da ke cikinta.

Kafin komai a tabbatar da abin da ke cikin motar yanzu, domin mota mai shekara sama da talatin ta bi hannaye da yawa. Buɗe bonet ka duba bakunan da ake ɗura gas. Na R12 masu zare ne, kamar bakin tayar mota. Na R134a masu kauri ne, ana danna musu tiyo ya kama, kuma na ɓangaren matsi mai yawa ya fi ɗayan girma. Ka nemi takardar da kamfani ya manna a ƙarƙashin bonet, ita ce ke faɗin irin gas da nauyinsa. Ina kyautata zaton waɗanda suka riƙa ƙara maka gas a shekarun baya R134a suke zubawa ta tsohon baki, ba su faɗa maka ba. In haka ne, abin da ke ciki gauraye ne.

Me ya sa ba za a zuba sabo a kan tsoho ba? Saboda mai. Tsarin R12 yana aiki da man ma'adinai, wanda ke narkewa a cikin R12 ya zagaya tare da shi. R134a ba ya ɗaukar wannan mai. Sai man ya kwanta a akwatin sanyi da cikin tiyo, kwamfaresa tana juyawa babu abin shafa. Za ka sami sanyi a ranar, har ka yi wa bakaniken godiya, amma ƙarfe yana cin ƙarfe a ciki. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Sabon gas yana son man PAG ko man esta. A aikin canza tsari an fi son esta, domin yana haƙuri da ɗan ragowar tsohon mai da ba a iya fitarwa duka. In kuma an wanke komai tas ko an sa sabuwar kwamfaresa, sai a bi man da kamfaninta ya ce. Dukansu biyu suna shan danshin iska da sauri, musamman PAG, don haka kada ka yarda a zuba maka daga gorar da ta kwana a buɗe a kan benci.

Aikin kirki daga neman yoyo yake farawa. A nan ƙurar garinmu tana taimako: duk mahaɗar tiyo da ka ga ta yi baƙi, ƙura ta manne da maiƙo, nan gas ke fita. Duba bayan fulin kwamfaresa, in ka ga layin maiƙo ya fantsama a jikin bonet daidai saitinta, robar bakin sandarta ta gaji. Duba kusurwoyin kwandansa, inda tsakuwar hanya ke bugu. Bayan duban ido, a cika hanyar da iskar naitirojin, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga inda zai yi kumfa. A nan zan ja kunne da ƙarfi. Kada a kuskura a jawo tukunyar oksijin ta mai walda a yi wannan gwaji. Oksijin mai matsi in ya haɗu da mai yana fashewa, kuma mutum na tsaye ne a kan injin. Iskar famfon faci ma ba ta dace ba, cike take da danshi. Haka kuma ba a kai wutar walda kan bututun da ke da gas a ciki, domin R12 in ya taɓa harshen wuta yana fitar da hayaƙi mai guba.

Da an gano yoyo an toshe, sai a kwance kwamfaresa a juye tsohon manta a cikin kofi. Ka leƙa kofin da idonka. In man garau yake, madalla. In baƙi ne ko yana ƙyalƙyalin garin ƙarfe, kwamfaresa ta fara mutuwa, magana ta canza, ka karanta amsar da na ba direban babbar mota a ƙasa. A wanke kwandansa da akwatin sanyi da bututu da ruwan wankin da aka yi don wannan aiki, a busar sosai. Ba a wanke kwamfaresa da shi, ba a wanke kwalba, ba a wanke detanda. A sauya duk zoben robar mahaɗai da koraye, waɗanda ke jure sabon mai. Tsofaffin tiyon roba in ba su tsage ba, ba su kumbura ba, za su iya zama, domin man da suka sha tsawon shekaru ya toshe musu ƙofofi. Wanda ya tsage a sa sabo na R134a.

Kwalbar tsotse danshi kuwa babu ciniki a kanta, sabuwa za a sa. Ita ce kanikawa suka fi tsallakewa, alhali tana cikin mafi arahar kayan. Garin da ke cikinta ya ƙoshi da danshi tuntuni, kuma na zamanin R12 bai dace da sabon gas ba, yana iya dagargajewa ya bi bututu ya toshe detanda. A bar sabuwar a rufe da murafanta, ita za a ɗaura a ƙarshe.

Sai tsotse iska. A haɗa famfon tsotsa ya yi aiki minti 30 zuwa 45, a rufe, a zuba wa allurar agogon auna matsi ido kamar minti 15. In ta motsa, da sauran yoyo, kada a zuba gas. Amfanin wannan mataki shi ne idan matsi ya faɗi ƙasa sosai, ruwan da ya ɓuya a cikin bututu yana tafasa ya fita ko ba wuta. Bakaniken da ba shi da wannan famfo, wanda ke buɗe gas ya ce zai kore iska da shi, ba wurinsa za ka kai wannan aiki ba. Danshin da ya rage yana daskarewa a bakin detanda, shi ne za ka ga kilim ya yi sanyi ya ɗauke, in ka kashe shi ka huta ya dawo. Yana kuma zama asid ya ci alminiyum daga ciki.

Na ƙarshe shi ne awo. R134a ba a zuba shi daidai nauyin R12, ana tsayawa ne wajen kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari. In takardar motarka ta ce gram 800, to tsakanin gram 640 da 680 ke nan. Da sikeli ake yi, a ɗora tukunya a kai ana kallon abin da ya ragu. Tsofaffin kanikawa sun saba kallon ɗan gilashin da ke kan kwalba, suna zuba gas har kumfa ta ɓace. Wannan dabara ta R12 ce. A motar da aka canza wa tsari kumfa na iya ci gaba da wucewa ko gas ya kai, kuma wanda ya bi gilashi sai ya cika fiye da kima. In an gama a ɗaura sababbin bakuna, a rubuta irin gas da mai da nauyi da kwanan wata a manna a ƙarƙashin bonet, don wanda zai taɓa motar bayan shekara uku ya san abin da ya tarar.

Gaskiya ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu: tsarin da aka ƙera don R12 yakan ɗan rage sanyi da sabon gas, musamman da tsakar rana in mota na tsaye. Akwai maganin wannan, ga shi a amsa ta gaba.

Tambaya: An canza mini tsari bara a Land Cruiser ɗina. In na hau hanyar Mirya ina gudu, sanyi kamar me. Amma da na shigo gari, wajen Kasuwar Dole inda ake tafiyar hawainiya, sai sanyi ya gudu, allurar zafin injin ta fara hawa. Bakanike ya ce a ƙara gas. Daga wani malamin makaranta a Birni.

Amsa: Malam, kada a ƙara ko gram ɗaya. Motar da ke sanyi a guje ta nuna gas ɗinta ya isa. Abin da ta rasa iska ce a gaba. A kan hanya gudu ne ke tura iska cikin kwandansa, a cikin gari kuwa fanka ce kaɗai ke wannan aiki. R134a yana hawa matsi fiye da R12 in zafi ya yi yawa, ga shi iskar da ake son ta sanyaya kwandansar ita kanta ta haye digiri 40. Ƙarin gas matsi zai ƙara, sanyi ya ragu, kwamfaresa ta wahala.

Gwada wannan a ƙofar gida: tada mota, kunna kilim, bar ta tsaye har sanyin ya fara gudu, sannan ka watsa ruwa a kan kwandansa ta gaba. In cikin ɗan lokaci iskar ciki ta yi sanyi, ka kama ɓarawon.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. A kwance kwandansa a ɗan janye ta daga lagireto a leƙa tsakaninsu. Abin da ake samu a wurin nan yana ba da mamaki: ƙurar hunturu ta haɗu da ƙarangiya da fikafikan fara da gutsattsarin leda, sun zama kamar tabarma, daga waje kuwa ba a ganin komai. A wanke da ruwa daga baya zuwa gaba, ba da matsi mai ƙarfi ba, don siraran fikafikan alminiyum ɗin suna lanƙwashewa. Sai a duba fankar injin. Yawancin waɗannan motoci fankarsu tana da kulocin mai a tsakiya, wanda ke kamawa in zafi ya tashi. In ya gaji, fanka na juyawa a ido amma ba ta jan iska. Da injin a kashe yana da zafi, juya ta da hannu: in ta yi ta walawala babu tirjiya, ta mutu. A duba kuma ko garkuwar robar da ke kewaye da fanka tana nan, domin kanikawa da yawa in sun cire ta ba sa mayarwa, kuma in babu ita fanka iskar gefe take ja.

In duk wannan lafiya, to kuɗinka wuri biyu za su tafi. A ƙara fankar lantarki a gaban kwandansa, mai tura iska ciki, a haɗa ta da rile da fiyus nata, ta tashi duk lokacin da kwamfaresa ta kama. A tabbata ba a juya wayoyinta ba, don in ta juya baya faɗa za ta riƙa yi da fankar injin. Na biyu, in hali ya yi, a sauya tsohuwar kwandansa mai bututu ɗaya da ke nannaɗewa da sabuwar ƙira mai siraran hanyoyi da yawa a jere, mafi girman da wurin zai ɗauka. A ganina, a yanayin Damagaram, wannan ya fi sabuwar kwamfaresa amfani nesa ba kusa ba. Allurar zafin injin da ke hawa kuma kada ka raina ta. Lagireton da ya toshe da gishirin ruwan rijiya ba zai ɗauki ƙarin zafin kilim ba, a wanke shi tun kafin ya ƙona maka gasket.

Tambaya: Mai gyaran firij na unguwarmu ya ce yana da gas mai araha wanda ya fi na mota sanyi. Wani kuma ya kawo mini ƙananan gwangwanaye daga Kano. Yaya zan gane na kirki? Daga wani matashi mai a-kori-kura a Matamaye.

Amsa: Ƙanena, gas ɗin mai firij ka bar masa abinsa. In R22 ne na kilim ɗin ɗaki, matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota da robobinta, zai fasa wani wuri ko ya kashe kwamfaresa. In kuma R600a ne na sababbin firij, ko R290, to waɗannan dangin gas ɗin girki ne, suna kama wuta. Gaskiya suna sanyi, amma firij ɗan kaɗan yake ɗauka a cikin bututun ƙarfe da aka like. Mota kuwa tiyon roba gare ta, tana jijjiga, akwatin sanyinta yana cikin ɗakin da kake zaune, kusa da wayoyin lantarki da mai kunna sigari. Tsohuwar motar da aka san tana yoyo ba wurin wannan gas ba ce.

Jabu ma yana nan. A 2011 an sami fashewar na'urorin sanyaya kwantenoni a wasu tashoshin jiragen ruwa, har da asarar rayuka, kuma bincike ya nuna jabun R134a ne da aka gauraya da wani gas mai suna R40, wanda ke cin alminiyum. Kwamfaresar motarka alminiyum ce.

Babbar tukunyar R134a ta kilo 13.6 launin shuɗi mai haske gare ta, ta R22 koriya, ta R12 fara, amma fenti kowa na iya shafawa. Gwajin da ya fi launi shi ne na matsi. A ajiye tukunya a inuwa ta huce, a ɗaura mata agogo. In zafin wurin digiri 30 ne, R134a na gaskiya zai nuna kusan 6.7 a ma'aunin matsi na "bar", R22 kuwa kusan 11. In allura ta yi nisa da inda ya kamata, a mayar wa mai shi. Wannan gwaji yana kama R22 da iska, ba ya kama kowane irin gauraye, don haka ka haɗa shi da sayen kaya wurin wanda ke da shago tsayayye, wanda in ka dawo gobe za ka same shi. Gwangwanin da aka rubuta yana toshe yoyo da kansa kuma ka guje shi, abin da ke toshe yoyon shi ne ke toshe detanda. Kada ka bar gwangwani a cikin mota a rana, kuma wanda ke ɗurawa ya kare idonsa, ruwan gas ɗin yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifiri, in ya fantsama yana ƙona fata da ido.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, ina bin hanyar Agadas. Kwamfaresata ta cije har bel ya yi hayaƙi ya tsinke. Ana nuna mini ta hannu wadda aka cire daga motar Turai, da kuma sabuwa fil a kwali mai rahusa. Wacce ta fi? Daga wani direba a tashar manyan motoci.

Amsa: Maigida, Allah ya tsare hanya. Kafin zaɓen kwamfaresa, ka sani wadda ta cije ba ita kaɗai ta mutu ba. Ta watsa garin ƙarfe cikin bututu da kwandansa. Duk wadda ka ɗaura a kan wannan datti, ko daga masana'anta ta fito yau, ba za ta daɗe ba. Dole a sauya kwalba da detanda, a wanke bututu da akwatin sanyi. Kwandansa in tsohuwar ƙira ce mai faffaɗan bututu tana wankuwa. In mai siraran hanyoyi ce ba ta wankuwa, ruwan wanki zagaye toshewar yake yi ya wuce, sai dai sabuwa.

Tsakanin biyun, ni na fi karkata ga ta hannu ta asali, ta kamfanin Sanden ko Denso, in ta ci gwaji. Bakunanta su kasance a toshe, domin wadda ta yi wata da watanni a buɗe a ƙasan shago ta sha ƙura da danshi. Juya farantin gabanta da hannu, ta juya sumul da 'yar tirjiya, ba tare da kakarewa ba. Toshe bakin fita da babban yatsa kana juyawa, ka ji tana tura yatsan. Karkata ta man ya ɗiga a farar takarda, ya fito garau. Taɓa wayarta a batir ka ji kulocin ya kama da ƙara, ƙwas. Sabuwa mai rahusa kuwa akwai mai kyau akwai kwaikwayo, musamman ƙirar Sanden 508 da ta cika kasuwa. In mai shago ya yarda ya rubuta maka garanti, ana iya gwadawa. In ya ce kaya in sun fita sun fita, ka san amsar.

Abin da ke kama direbobin manyan motoci shi ne wuta. Motarka mai bolt 24 ce, yawancin kwamfaresar da ke kasuwa kuwa ta ƙananan motoci ce mai bolt 12. In aka ɗaura ta, nannaɗin wayar kulocin zai ƙone. Duba rubutun jikinta. Masu tsofaffin Land Cruiser na gazuwal da suka zo daga Turai ma su duba, wasunsu 24 ne. A lura da yawan ramin fuli da saitinsa da na injin, in ya kauce ko kaɗan bel zai riƙa ci. In ba a samu a nan ba, masu zuwa Kano suna samowa a Ƙofar Ruwa, amma ka ba su tsohuwar su tafi da ita a gwada ƙafafu da bakuna. Sannan ka roƙi bakanike ya tabbata makunnin matsi yana aiki, ba a haɗe wayoyinsa kai tsaye ba. Shi ne ke kashe kwamfaresa in gas ya zube ko matsi ya wuce kima, kuma sau da yawa haɗe shi da aka yi ne ke kai ta ga cijewa.

Tambaya: Maigidana ya rasu ya bar mana tsohuwar a-kori-kura da yarana ke kai kaya kasuwannin ƙauye da ita. Ba ta taɓa samun kilim ba. Suna so a sa mata. Ya dace? Daga wata Hajiya a Magarya.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Ana sawa, akwai akwatin sanyi da ake ɗaurawa a ƙarƙashin gaban mota, a ƙera wa kwamfaresa mazauni a jikin injin. Amma a fara tambayar motar. In injinta yana zafi da kaya a hawa, ko tana shan ruwa, ko birki da tayoyi suna jiran kuɗi, to su ne a gaba, kilim ya jira. Kwamfaresa tana cin ƙarfin injin, tana ƙara shan mai, kuma ƙaramin injin da ya gaji zai ji a jikinsa. In motar lafiyayya ce, a sa, da sharaɗin mazaunin ya zama na ƙarfe mai kauri a kan saiti, kuma a duba ko janareton cajin batir zai ɗauki ƙarin fankoki biyu. Kafin nan, yaran su toshe ramukan da ke tsakanin injin da ɗakin direba, su gyara robobin ƙofa, su shimfiɗa abin tare zafi a ƙasa da rufi. Wannan kaɗai yana rage wahala, kuma in babu shi ko an sa kilim ba zai wadatar ba.

Tambaya: Kilim yana sanyi amma iskar ba ta da ƙarfi, tana wari, wani lokaci ruwa na ɗiga a ƙafar fasinja. Kuma da gaske ne a riƙa kunna shi ko da sanyin hunturu? Daga wani ma'aikacin lafiya a Gure.

Amsa: Ɗan'uwa, naka ba na gas ba ne. Tsofaffin motoci da yawa ba su da matatar iskar ɗaki, don haka ƙura tana sauka kai tsaye a kan akwatin sanyi mai danshi ta zama laka, ta toshe fikafikansa. A cire fankar ciki a wanke akwatin, a zura waya mai laushi a buɗe ɗan tiyon da ke zubar da ruwa ƙarƙashin mota. In kana bin hanyar ƙasa, mayar da maɓalli kan iskar ciki don kada ya riƙa shaƙo ƙurar waje. Batun hunturu kuwa gaskiya ne. Kunna shi kamar minti goma kowane mako, ko kana sanye da rigar sanyi, don mai ya zagaya ya jiƙa robar bakin sandar kwamfaresa. In ta yi wata uku ba ta ga mai ba takan bushe, kuma ta nan gas ɗin yawancin motocin da ake kawowa gareji a watan Maris yake fita.